Zaren gilashi daga Kiribi zuwa Kusuri: yadda aka yi injunan sadarwa suka fahimci juna

Saƙon murya da ɗan kasuwa ya aika daga Marwa zuwa ga abokin cinikinsa a Dubai ba ya tafiya a iska sai ɗan taƙi kaɗan, daga wayarsa zuwa ƙarfen rezo mafi kusa. Daga nan ƙasa yake shiga. Ya rikiɗe ya zama haske, ya bi wani zaren gilashi da aka binne a gefen hanya, ya ratsa Garwa, ya haye tudun Ngaundare, ya gangara kudu har bakin teku a Duwala ko Limbe ko Kiribi, sannan ya nutse ƙarƙashin ruwa. A wannan doguwar tafiya zai bi ta cikin injuna da yawa waɗanda ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. Wannan na Huawei ne ko ZTE daga ƙasar Sin, wancan na Nokia daga Finlan, na gaba kuma na Ciena daga Amurka. Masu injunan kishiyoyin juna ne a kasuwa, wasu ma gwamnatocinsu ba sa ga maciji da juna. Duk da haka saƙon yana isa, ko kalma ɗaya ba ta faɗi a hanya ba.

Abin da ya sa haka wasu takardun ƙa'ida ne da ba kowa ya taɓa jin sunansu ba, masu lambobi irin su G.652, G.707, G.709 da G.984. Yawancinsu an rubuta su ne a Janiba, hedkwatar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda aka kafa a Faris tun 1865 domin daidaita harkar wayar tangarahu tsakanin ƙasashe. Ina ganin ya kamata mu san tarihin waɗannan takardu, mu mutanen arewacin Kamaru da Chadi, domin a cikinsa ne mutum zai rarrabe wace matsala ta rezonmu ilimi ya riga ya gama da ita tuntuni, wacce kuma ta rage a wuyanmu.

Mu fara da gilashin kansa. A farkon shekarun 1960 an san cewa haske yana iya bin zaren gilashi ko da an lanƙwasa shi, an kuma samu fitilar leza a 1960. Cikas ɗin shi ne gilashin wancan zamani yana shanye haske. Kafin a yi mita 20, abin da ya rage bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. A 1966 wasu injiniyoyi biyu da ke aiki a garin Harlow na Ingila, Charles Kao da George Hockham, suka fito da hujja cewa laifin ba na gilashi ba ne, na dattin da ke cikinsa ne, musamman ɓurɓushin ƙarfe. Suka ce idan aka tace shi har ya zama kashi 1 cikin 100 na haske yana saura bayan kilomita guda, wato asarar desibel 20 a kilomita, to zai yi aikin sadarwa. A 1970 mutum uku a kamfanin Corning na Amurka, Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz, suka ƙera zaren da asararsa ta tsaya wajen desibel 17. Kao bai samu kyautar Nobel a kan wannan aiki ba sai 2009. Zaren da ake binnewa yau asararsa kusan desibel 0.2 ce a kilomita, ma'ana sai an yi kilomita 15 kafin rabin hasken ya tafi. A 1977 aka fara bi da kiran mutane ta zaren gilashi a Shikago, a 1988 kuma aka shimfiɗa TAT-8, wayar gilashi ta farko da ta ƙetare Tekun Atalantika, tsakanin Amurka da Ingila da Faransa, mai ɗaukar kira har 40,000 a lokaci guda.

Samun zare mai kyau wani abu ne, samun zare iri ɗaya daga kowace masana'anta wani abu ne daban. A 1984 kwamitin ITU mai kula da tarho, wanda a lokacin ake kira CCITT, ya fitar da G.652, takardar da ta fayyace awon zaren da har yanzu ya fi kowane yawa a ƙarƙashin ƙasa. Kaurin gilashin gaba ɗaya maikiron 125 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na milimita. Tsakiyar da haske ke bi kuwa wajen maikiron 9 ce kacal. Wanda bai taɓa ganin ana ɗinke zaren da ya tsinke ba zai ɗauka waɗannan lambobi ƙaƙale ne na masu boko.

Na taɓa tsayawa a kan masu gyara a gefen hanyar Garwa zuwa Marwa, inda motar haƙa ta ciro waya. Mai aikin ya shimfiɗa tabarma a bayan mota don gudun ƙura, ya fere baƙar fatar wayar, ya fito da ƙananan bututai, kowanne da zaruruwa masu launi a ciki. Ya ɗauki guda, ya zare rigarsa da ɗan almakashi na musamman, ya goge gilashin da auduga mai sinadari har ya yi ƙara, ya sa shi a wata 'yar na'ura da ta datse bakin ɗas. Haka ya yi wa ɗaya gefen. Sannan ya kwantar da su biyun a injin walda, ya rufe murfi. A ɗan allon injin sai ga bakuna biyu sun yi girma kamar sanduna, suna matsowa da kansu, suna daidaita tsakiya da tsakiya. Wuta ta yi walƙiya sau ɗaya, allo ya nuna asarar wurin ɗinkin: 0.02. Wani dattijo da ya tsaya da kekensa yana kallo ya ce, "Ɗana, yanzu wannan ɗan silin ne ya hana mu jin muryar 'ya'yanmu tun jiya?" Mai aikin bai ɗago kai ba ya ce, "Shi ne, Baba. Da sauran 'yan'uwansa, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya." Guntun wayar da ya kawo don cike giɓin ba lallai ne masana'antar da ta yi ta asali ce ta yi shi ba. Sun ɗinku ne saboda dukkansu awon G.652 suka bi.

A wurin ne kuma ake ganin abin da ke faruwa idan ba a daidaita ba. Launukan zaruruwa ba su da tsari ɗaya a duniya. A tsarin Amurka shuɗi ne na farko, sai ruwan lemo, sai kore, sai ruwan ƙasa, ja kuwa shi ne na bakwai. A tsarin da aka gada daga kamfanin tarho na Faransa ja ne na farko, sai shuɗi, sai kore, sai rawaya. A ƙasa irin tamu, inda kaya ke zuwa daga Sin, masu aiki kuma wasu sun koyo da Faransanci wasu da Turanci, mai gyaran da bai tambayi wane tsari aka bi ba zai iya haɗa layin banki da layin asibiti, ɗinki ya yi kyau, amma babu wanda ya samu rezo.

Rigimar da ta fi ta gilashi zafi ita ce ta yadda za a jera bayanai a cikin hasken, kuma ta girmi zaren gilashi. Tun 1930 da wani abu wani injiniya ɗan Ingila, Alec Reeves, ya ƙirƙiro hanyar mayar da murya lambobi. Yadda aka tsayar daga baya shi ne a auna muryar mai magana sau 8,000 a kowane sakan, kowane awo a rubuta shi da ɗigo 8 na sifili da ɗaya. Lissafin ya ba da ɗigo 64,000, wato kilobit 64, a sakan ga kira guda. A kan wannan kowa ya yarda. Saɓanin ya taso ne wajen ɗaure kira da yawa a dami ɗaya. Amurka, wadda ta riga kowa a 1962, ta ɗaure kira 24 ta kira shi T1, mai gudun megabit 1.544. Turai ta zo daga baya ta yi gurbi 32, 30 na murya, 2 na kula da layi, ta kira shi E1, mai gudun megabit 2.048. Japan ma ta ɗauki nata tsarin a matakan sama. Kamaru da Chadi da Nijeriya da Nijar duk tsarin Turai suka bi, shi ya sa injiniyoyinmu na zamanin wayar salula ta farko da E1 suke ƙirga ƙarfin kowane ƙarfen rezo.

Daga E1 sai a riƙa hawa bene. A haɗa 4 su ba da megabit 8, a haɗa 4 na wannan su ba da 34, a sake haɗa 4 su ba da 140, wanda ke ɗauke da E1 guda 64, kira 1,920 ke nan. Wannan tsari shi ake kira PDH, kuma yana da wani ciwo a jikinsa. Kowane inji da agogonsa, agogunan kuma sun kusa daidai amma ba su daidaita ba. Don kada mai sauri ya taka mai nawa, sai injin ya riƙa cusa ɗigon banza yana cike giɓi a kowane mataki. Sakamakon haka, idan ka duba babban layi na 140 ba ka san inda wani E1 yake ba.

Kwatanta shi da tirela da aka yi wa lodi a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare za ta Kusuri, an ɗura buhuna cikin manyan buhuna, manyan kuma cikin waɗanda suka fi su, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Akwai buhu ɗaya tak na wani mutum a Garwa. Kafin a ba shi kayansa sai an sauke lodin duka, an kwance mataki uku, an cire nasa, sannan a sake ɗaurewa a mayar. Haka za a sake yi a Marwa, a sake yi a Mora. A harkar waya kowane saukewa da ɗorawa tarin injuna ne da ake saya da kuɗi, suna cin wuta, suna lalacewa. Ga wani ƙarin nauyi: PDH bai faɗi yadda hasken kansa zai kasance a kan zare ba. Kowane kamfani da irin nasa. Idan ka sayi injin kamfani kaza a wannan bakin, dole ka sayi nasa a ɗaya bakin, ka zama ɗan hannunsa har abada.

Abin da ya fasa ƙwan siyasa ce ta cikin gidan Amurka. Ranar 1 ga Janairu 1984 aka raba katafaren kamfanin AT&T, wanda ya daɗe yana riƙe da kusan duk tarhon ƙasar. Kwatsam sai ga kamfanonin yanki bakwai da kamfanonin kiran nesa masu gasa da juna, kowa na bukatar ya haɗa zarensa da na wani a tsakiyar hanya ba tare da an tilasta masa sayen injin da maƙwabcinsa ya saya ba. A 1985 cibiyar bincike ta Bellcore ta gabatar da wani tsari mai suna SONET. Da maganar ta isa CCITT sai Turawan Turai suka ce ba za su saɓu ba, domin an yanka rigar ne daidai jikin T1 da 'yan'uwansa, ba ta ɗaukar E1 da layin 140 yadda ya kamata. Aka yi ta ja-in-ja. A ƙarshe Amurkawa suka gyara matakinsu na farko ya koma megabit 51.84, aka kuma yarda cewa matakin farko na duniya zai zama ninki uku na wannan, wato 155.52, wanda ke da faɗin da zai haɗiye kayan kowane ɓangare. Aka sa masa suna STM-1, tsarin gaba ɗaya kuma SDH. A 1988 aka amince da shi cikin takardu uku, G.707 da G.708 da G.709.

A ganina wannan sulhu na 1988 shi ne babban abin da ya faru a duk tarihin nan, ya fi duk wani ƙarin gudu da aka samu daga baya, domin shi ne karo na farko da manyan layukan nahiyoyi suka tsaya a kan awo ɗaya. Dubi yadda aka gina shi. Duk injunan da ke kan layi suna bin agogo ɗaya. Bayanai suna tafiya ne cikin wani tsararren allo mai layi 9, kowane layi da gurbi 270, kowane gurbi da ɗigo 8, ana aika irinsa sau 8,000 a sakan, daidai da yawan awon muryar nan ta asali. Ninka 9 da 270 da 8 da 8,000, za ka samu 155,520,000 cif. A gefen allon an ware gurabe 9 na farko don bayanin kula da layi, har da wani ɗan manuni da ke faɗin inda kowane kaya ya fara. Tirelar nan yanzu kowane buhu da lambarsa da gurbinsa, a Garwa sai a miƙa hannu a zaro na mai shi, mota ta wuce. STM-1 guda yana ɗaukar E1 har 63. Daga nan ake ninkawa da huɗu: STM-4 megabit 622, STM-16 wajen gigabit 2.5, STM-64 wajen gigabit 10.

SDH ya zo da wani abu kuma, wanda shi ne ya fi shafarmu. An tsara shi yadda za a iya jera garuruwa a kan zobe, waya ta fita ta wata hanya ta dawo ta wata. Idan aka datse zoben a wuri ɗaya, injunan da ke gefe biyu na wurin suna ganewa da kansu, su juya kaya ta ɗaya hannun cikin abin da bai wuce milisakan 50 ba, kashi ɗaya cikin ashirin na sakan. Mai magana a waya ba zai ma san an yi wani abu ba. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da ya biyo baya ci gaba ne na ƙarfi. A da, duk bayan gomman kilomitoci sai an mayar da haske lantarki, an wanke shi, an sake mayar da shi haske. A 1987 ƙungiyar David Payne a Jami'ar Southampton da ta Emmanuel Desurvire a cibiyar bincike ta Bell Labs suka nuna cewa guntun zare da aka cuɗa da wani ma'adini mai suna erbiyom yana iya ƙara wa haske ƙarfi kai tsaye. Alfanunsa shi ne ba ruwansa da launin hasken, duk launukan da suka shigo tare zai ɗaga su tare. Sai aka fara aika launuka da yawa a zare ɗaya, kowane launi layi ne mai zaman kansa, 40 ko 80 ko fiye. Nan ma sai da aka zauna aka raba wa kowane launi mazauninsa, a takardar G.694.1 ta 2002, wadda ta kafa turke a launi guda, ake ƙirga sauran daga nan. Ma'anar wannan ga ƙasa matalauciya babba ce. Zaren da aka binne shekara ashirin da suka wuce ba sai an tone shi ba. A canza injunan baki da baki, ƙarfinsa ya ninku sau ɗari. Tsada tana wajen haƙa rami ne, kuma an riga an biya ta. Sai dai injunan ƙara ƙarfin nan, da ake girkewa duk bayan kilomita 80 zuwa 100, suna bukatar wuta dare da rana. Tsakanin Ngaundare da Garwa kaɗai ya fi kilomita 250, kowane ɗaki kuma da batirinsa ko janaretonsa ko farantin hasken rana da dole wani ya kula da shi.

Da intanet ta rinjayi kiran murya, SDH ya fara zama tsohon yayi, don an gina shi ne a kan ƙirgen kira. A 2001 ITU ta sake amfani da lambar G.709 ga sabon tsari mai suna OTN, wanda ke naɗe kowane irin kaya a kan launi guda, tare da ƙarin lissafin da ke gyara kuskure a hanya. A gefe guda kuma ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta riƙa ɗaga Ethernet, tsarin da aka fara don haɗa kwamfutocin ofis: gigabit 10 a 2002, 100 a 2010, 400 a 2017. Yau manyan layuka galibi Ethernet ne a cikin rigar OTN a kan launukan haske, kuma dabarar juya kaya ta wata hanya idan layi ya tsinke tana nan ba a yar da ita ba.

Sai taƙin ƙarshe, daga ofishin kamfani zuwa gida ko shago. A nan tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne GPON, takardar G.984 da ta fara fita a 2003. Zare ɗaya ne ke fitowa daga ofis, a unguwa a sa masa wani ɗan gilashi mai raba haske wanda ba ya bukatar wuta, ya rabu gida 32 ko 64, a nisan da ya kai kilomita 20. Gudunsa wajen gigabit 2.5 ne zuwa gidaje, 1.25 daga gidaje, kuma duk waɗanda ke kan zaren raba shi suke yi. Wanda aka ja masa fibir, wato zaren gilashi, zuwa gida ya ga abin yana nawa bayan isha'i, sau da yawa dalilin ke nan, ko kuma babban layin da ke ciyar da garin ne ya cika. Akwai sabon tsari, XGS-PON na 2016, mai gigabit 10 kowane hannu, wanda zai iya hawa zaren da ake da shi. Ko kan wayar da ke shiga akwatin gida yana da ƙa'ida: mai launin kore an fere bakinsa a karkace da digiri 8, mai launin shuɗi kuwa bakinsa a miƙe yake. Idan aka cusa kore cikin shuɗi haske zai zube, bakin ma yana iya lalacewa. A nan ne kuma daidaiton ya fi rauni. A takarda akwatin kowane kamfani ya kamata ya yi aiki da injin kowane kamfani, amma a aikace masu ƙera kaya sukan ƙara nasu sirrin a wajen sarrafa akwatin, har mai saye ya koma ɗan hannu kamar zamanin PDH. Duk hukumar da za ta sa hannu a kwangila ya kamata ta nemi a gwada kayan kamfani biyu a gabanta kafin ta biya.

To ina muka tsaya? Ta fuskar teku Kamaru ba ta cikin marasa galihu. Wayar ƙarƙashin teku mai suna SAT-3 ta sauka Duwala tun 2002. Wata mai suna WACS ta sauka Limbe. Akwai wayar da ta haɗa Kiribi da Legas, akwai kuma SAIL, wadda aka kammala a 2018, mai tsawon kusan kilomita 6,000 daga Kiribi zuwa Fortaleza ta Barazil. Babban layin cikin ƙasa yana hannun kamfanin gwamnati, Camtel, sauran kamfanonin waya kuma suna hayar ƙarfi a kansa. Chadi ba ta da teku, don haka dole ta ratsa ƙasar wani. Hanyarta ta farko ta bi gefen bututun man da ya taso daga Doba zuwa Kiribi, mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003. Akwai haɗi ta Kusuri zuwa Injamena, akwai kuma layin gabas ta Abeche da Adre zuwa Sudan, ƙasar da ke cikin yaƙi tun Afrilun 2023. Ana kuma aikin layin ƙetare Sahara da zai haɗa Chadi da Nijar da Aljeriya da Nijeriya, da tallafin Bankin Raya Afirka.

Yanzu mu koma kan milisakan 50. Maganin tsinkewar waya yana nan a rubuce fiye da shekara talatin, kuma injunan da ke Garwa da Marwa da Injamena sun san shi sarai. Amma inji ba ya iya juya kaya zuwa hanyar da babu ita. Taswirar arewacin Kamaru doguwa ce siririya, babbar hanyar mota ɗaya ce ta ɗinke ta daga Ngaundare zuwa Kusuri, waya kuma gefen hanya take bi don a nan ne haƙa ya fi sauƙi. A gefen hanyar nan ne masu aikin titi ke sa katafila, a nan ne ambaliya ke cinye ƙasa da damina, tsakanin Mora da Waza da Dabanga kuma ga matsalar tsaro da ke sa mai gyara ba ya fita sai ya samu rakiya. Idan layi ɗaya ne, ko kuma biyu ne amma a rami ɗaya, to duk wanda ke arewa da wurin tsinkewar ya shiga duhu, mai sayar da albasa da ke jiran kuɗi ta waya, da ɗalibin Jami'ar Marwa, da ma'aikacin asibiti, har da mutanen ƙetaren kogin Logon. Ko a teku an ga irin wannan. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace tare a gaɓar Abijan, ƙasashe da dama na yammaci da tsakiyar Afirka suka shiga wahala, gyara kuma ya ɗauki makonni. Waya huɗu ne a ƙirge, amma da yake wuri ɗaya suka bi, hanya ɗaya ce.

Shi ya sa idan aka zo ana shelar cewa an ƙara kilomita dubu kaza na fibir, tambayar da ta dace daga bakin ɗan majalisa ko ɗan jarida ko shugaban 'yan kasuwa ita ce: ta ina sabon layin ya bi, kuma idan an datse tsohon, zai iya ɗaukar kayansa? Zoben da zai ceci arewa ba lallai ne ya tsaya cikin ƙasa ɗaya ba. Garwa ba ta da nisa da Yola, Kusuri na kallon Injamena, layin da ke cikin Chadi kuma yana gangarawa kudu ya sake shiga Kamaru ta gefen bututun mai. Idan aka ɗaure waɗannan bakuna da yarjejeniya mai ƙarfi, Chadi za ta iya zama hanyar tsira ga Marwa ranar da aka yanke waya a kudu da ita, kamar yadda Kamaru take hanyar Chadi zuwa teku. Ta ɓangaren inji babu abin da zai hana, domin duka ɓangarorin G.652 suka binne, G.709 injunansu ke bi. Abin da ake jira shi ne hukumomin da ke sa ido, ART a Kamaru da ARCEP a Chadi, tare da kamfanonin da ke riƙe da layukan, su tsayar da farashin ratsawa, da wanda zai biya kuɗin gyara, da awa nawa za a ba mai gyara kafin a fara cin tara. Sannan kowane ɗan kwangilar titi a miƙa masa taswirar inda waya take kwance da zurfinta kafin ya tayar da injin haƙa, a kuma rubuta a cikin kwangilarsa cewa idan ya yanke, shi zai biya.